Asarar ɗumi

asarar ɗumi (suna, mace): zafin da ke sulalewa daga gida ta bango, rufi, daɓe, tagogi da kafofin iska idan waje ya fi ciki sanyi. Da wat ake auna ta. A ƙasashe masu sanyin hunturu irin Ingila, ɗaki-ɗaki ake lissafa ta kafin a sayi tukunyar ɗumama gida: faɗin bango, sau lambar saurin ratsawar zafi, sau tazarar zafin ciki da na waje. Bango mai murabba'in mita 20, lamba 0.3, ciki digiri 21, waje 3 ƙasa da sifili, wat 144 yake zubarwa. Kintace ganganci ne, domin tukunyar da ta zarce buƙata kamawa da mutuwa take ta yi, gas na tafiya a banza.