Yadda ƙawancen wasanni na ƙananan makarantun lise ya watse a jihar Indiyana

1. Gabatarwa

A wannan ƙasida za mu duba tarihin ƙawancen wasanni da makarantun lise na ƙananan garuruwa suka kafa a jihar Indiyana ta Amurka. Mun ɗauki gundumar Ripley a matsayin misali. Hujjarmu ita ce, dokar ilimi ce ta kashe irin wannan ƙawance, ba gazawar ƴan wasa ba.

2. Zamanin makarantar gari

An kafa hukumar wasannin lise ta jihar a 1903, aka fara gasar ƙwallon kwando ta jiha a 1911. A lokacin kusan kowane gari yana da lise tasa, ko da ɗalibanta ba su kai ɗari ba. Ƙwallon kwando ya dace da su, tunda mutum biyar sun isa ƙungiya. Makarantun gunduma ɗaya sukan haɗu su tsara jadawalin karawa tsakaninsu, saboda kusanci da tsadar tafiya. A Ripley akwai Milan, Versailles, Osgood, Holton, Sunman, Napoleon da Batesville. Sunayen na Turai ne, amma garuruwan na manoma ne.

A 1954 lise ta Milan, mai ɗalibai 161, ta doke Muncie Central da ci 32 da 30, ta ɗauki kofin jiha a birnin Indiyanapolis. Wannan nasara ce aka gina fim ɗin Hoosiers na 1986 a kanta.

3. Dokar 1959

Shekara biyar bayan haka majalisar jihar ta zartar da dokar sake tsarin hukumomin makarantu, don a haɗe ƙananan makarantu a sami ɗakunan gwaji da isassun malamai. Cikin kimanin shekara goma adadin hukumomin ya ragu da fiye da rabi. A Ripley, makarantun kudu suka narke cikin South Ripley. Osgood da Napoleon suka koma Jac-Cen-Del, sunan da aka harhaɗa daga yankunan Jackson, Center da Delaware. Da abokan karawa suka zama ƴan ƙungiya ɗaya, ƙawancen gunduma ya rasa membobi, sauran makarantu suka nemi abokai a nesa.

4. Kammalawa

An rufe babin a 1997, shekarar ƙarshe da manya da ƙananan makarantu suka yi takarar kofi ɗaya. Daga nan aka raba su rukuni huɗu. Darasin da mai nazarin tarihi zai ɗauka shi ne: jerin membobin ƙawancen wasanni shaida ce ta yadda hukuma ta sake zana taswirar karkara, da abin da gari yake rasawa ranar da aka rufe makarantarsa.