Uku ga Fabrairu a Tarihin Kano

Duk shekara Kanawa na tuna 13 ga Fabrairu, ranar da aka kashe Janar Murtala. Uku ga watan kuwa sai ta zo ta wuce shiru, alhali ita ma ta cancanci a tsaya a kanta.

A wannan rana, Talata, a 1903, rundunar Turawa ta Kanar Morland ta iso gindin badala. Daga Zariya ta taso, ta ci Bebeji a hanya. Hujjar Turawa ita ce Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Amma ko babu Magaji da wuya Gwamna Lugga ya ƙyale birnin da fatake ke zuwa kasuwar Kurmi tun daga Tarabulus.

Sarki ba ya gari. Ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da mafi yawan barade, don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Waɗanda aka bari suka hau ganuwa da baka da kibiya da 'yan bindigogi, suka tari igwa. Ganuwar ta yi gardama, domin harsashi nutsewa yake yi cikin kaurin ƙasar, sai da aka koma kan ƙyaure. Ta Ƙofar Kabuga aka shiga. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa amanar gari, bai gudu ba, a Gidan Rumfa ya faɗi yana faɗa. Abin takaici ne a ce yaran makaranta ba su san sunansa ba. Alu kuwa bai sake ganin Dala ba: an kama shi, Wambai Abbas ya hau gadon sarauta, shi kuwa ya rasu a Lakwaja a 1926.

Shekara 73 bayan faɗuwar Kano, ranar ta sake faɗowa Talata. A 1976 Murtala, ɗan cikin wannan ganuwa, ya yi wa ƙasa jawabi: jihohi sun tashi daga 12 zuwa 19, babban birnin tarayya zai bar Legas ya koma Abuja. Bauchi, Borno, Gongola, Neja da Sakkwato duk a wannan jawabi aka haife su. Jihar mahaifarsa kuwa bai taɓa ta ba, ta zauna yadda Gowon ya shata ta a 1967, har 27 ga Agusta, 1991, lokacin da Babangida ya yanke Jigawa.