Yadda ake auna ƙwarewar likitoci masu koyon fannin ciwon gaɓoɓi

Rumatoloji reshe ne na likitanci da ke kula da cututtukan gaɓoɓi, ƙashi da tsoka, waɗanda galibi ake magancewa ba tare da fiɗa ba. A gida, “sanyi” ko “sanyin ƙashi” ake kiran yawancinsu, amma a asibiti nau'o'insu sun haura 100. Akwai zaizayar guringuntsi da ke zuwa da shekaru, akwai amosanin gaɓoɓi mai kumburi, akwai gaut da lupus. Alamominsu na kama da juna, maganinsu kuwa ya sha bamban. Shi ya sa makarantun likitanci ba sa tsayawa ga jarrabawar takarda kafin su ba likita shaidar ƙwarewa a fannin. Sai an ga aikin hannunsa, idonsa da kunnensa a gaban mara lafiya.

Tsawon horo

Wanda ke shiga wannan horo ya riga ya zama likita. A ƙasashe masu amfani da Faransanci yana neman takardar DES, wadda a wannan fanni ke ɗaukar shekara 4, kuma ana bayar da ita a jami'o'i irin na Abijan da Dakar. Hukumar CAMES, da aka kafa a Yamai a 1968 mai mazauni a Wagadugu, ita ke duba daidaiton takardun karatu tsakanin ƙasashen. A Najeriya da Ghana likita kan fara da horon cututtukan cikin jiki, sannan ya keɓe ga gaɓoɓi a ƙarƙashin kwalejin likitoci ta ƙasarsa ko ta Afirka ta Yamma. A Amurka shekara 2 ake ƙarawa bayan shekara 3 na cututtukan cikin jiki.

Matakai huɗu na ƙwarewa

A 1990 malamin likitanci George Miller na Amurka ya jera ƙwarewa hawa huɗu: sanin abu, sanin yadda ake amfani da shi, nuna shi a gaban mai jarrabawa, da aikata shi a aikin yau da kullum. Kowane hawa da ma'auninsa. Tambayoyin zaɓi na takarda ko na kwamfuta sun isa su auna biyun farko. Amma likita na iya haddace alamomin amosani duka, ya kasa jin ruwan da ya taru a gwiwar da ke hannunsa.

Jarrabawar zagaye

Don auna hawa na uku, Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta ƙasar Sikotilan suka gabatar da wani tsari a 1975, wanda ake kira OSCE, ko ECOS da Faransanci. Ɗalibi na zagaya ɗakuna, kowane ɗaki da aiki ɗaya na ƴan mintoci. A wani ɗakin ya saurari labarin ciwo, a wani ya duba kafaɗa, a wani ya karanta hoton ƙashi, a wani ya yi wa mace bayanin maganin da za ta sha. Mara lafiyar na iya zama na gaske, ko wani da aka koya wa kwaikwayon ciwon. Kowa aiki iri ɗaya ake ba shi, kuma malamai da dama ne ke ba da maki, abin da ke rage son kai da sa'a. Tun 2024 Faransa ta sanya ECOS cikin jarrabawar ƙasa da ke raba ɗaliban likitanci zuwa fannoni.

Awo a bakin aiki

Hawa na huɗu a asibiti kaɗai ake ganinsa. A tsarin Mini-CEX, da hukumar likitocin cikin jiki ta Amurka ta fito da shi a 1995, malami na zama gefe na kimanin minti 15 zuwa 20 yana kallon ɗalibi da mara lafiya na gaske, sannan nan take ya faɗa masa inda ya yi daidai da inda zai gyara. Akwai makamancinsa na aikin hannu, kamar zuƙo ruwa daga gaɓa da allura. Akwai tattaunawa kan takardun wanda ɗalibin ya taɓa dubawa: me ya sa ka nemi wannan gwajin, me ya sa ka bar wancan? Ana kuma jin ra'ayin ma'aikatan jinya da abokan aiki game da halinsa. Duk wannan ana tara shi cikin kundin da ake dubawa kowace shekara.

Abin da malami ke dubawa

Na farko shi ne tambaya. Gaɓar da ke sandarewa da safe fiye da rabin awa, ta saki in an motsa, tana nuna kumburi. Wadda ke tsananta da aiki, ta lafa da hutu, ta fi kama da zaizaya. Idan mara lafiya ya ce “sanyi ke damuna”, ana lura ko ɗalibin zai rubuta kalmar ya wuce, ko zai bi diddigi: wace gaɓa, tun yaushe, yana iya tsugunno, tana iya daka?

Na biyu shi ne hannu. Gajeren binciken GALS, da aka wallafa a Ingila a 1992, yana bin tafiya, hannuwa, ƙafafu da ƙashin baya cikin ƴan mintoci. Ga mai amosani kuma akwai ma'aunin DAS28, inda ake latsa gaɓoɓi 28: kafaɗu 2, gwiwar hannu 2, wuyan hannu 2, gaɓoɓin yatsun hannu 20 da gwiwoyi 2. Ana haɗa adadin masu zafi da masu kumburi da gwajin jini da yadda mara lafiyar ke ji. Maki ƙasa da 2.6 na nufin ciwon ya kwanta, sama da 5.1 na nufin ya yi tsanani. Idan ɗalibi bai iya ƙirga kumburi ba, makin zai karkace, maganin ma ya bi shi. Ana kuma lura ko zai tuna ya duba tafin ƙafa, domin ba ta cikin lissafin.

Na uku shi ne gane haɗari. Gaɓa ɗaya da ta kumbura da zafi cikin kwana ɗaya ko biyu na iya zama gaut, na iya zama ƙwayar cuta da za ta lalata gaɓar cikin kwanaki. Ruwan da aka zuƙo aka kai ɗakin gwaji ne ke raba gardama. Maganin methotrexate sau ɗaya a mako ake shansa. Shan sa kullum bisa kuskure ya yi sanadin mutuwa a ƙasashe da dama, kuma bai dace da mai juna biyu ba. Ɗalibin da bai tabbatar mara lafiya ya fahimci haka ba, bai ci wannan ɗakin ba ko da ya gano cutar.

Inda ma'aunin ke gazawa

Kallo ɗaya ba ya isa. Likitan da ya yi fice a kan kafaɗa na iya yin tuntuɓe a kan lupus, kuma malamai sun bambanta wajen tsanani da sassauci. Maganin wannan shi ne yawan kallo, daga malamai daban-daban, a kan marasa lafiya daban-daban. Wannan na da wuya a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda ƙwararrun fannin kaɗan ne kuma yawancinsu a manyan birane suke.

Jarrabawar da aka ɗauko daga Turai ma sai an yi mata gyara. A yankinmu ciwon baya mai zazzaɓi da rama na iya zama tarin fuka na ƙashin baya. Ciwon ƙugu ga matashi mai sikila na iya zama mutuwar kan ƙashin cinya. Jan fata da littattafai ke zanawa ba ya fitowa haka a baƙar fata. Da yawa kuma sai sun daɗe suna shan diclofenac ko dexamethasone na kasuwa kafin su zo asibiti, abin da ke ɓoye alamomi. Sannan ana jarrabawa da Faransanci ko Ingilishi, alhali mara lafiya da Hausa, Fulatanci ko Zabarmanci zai yi bayani.

Ga wanda ya ketare iyaka neman magani, takardar da ke jikin bango shaida ce ta farko. Sauran yana iya gani da idonsa: ko likitan ya saurare shi, ko ya taɓa gaɓar da ke ciwo, ko ya tambayi magungunan da yake sha, ko ya sa shi ya maimaita yadda zai sha sabon magani. Su ne abubuwan da malaman likitan suka auna kafin su sa masa hannu.