Ruwan Wuƙa Ya Fi Ƙotarsa Daɗewa

A 'yan shekarun nan an samu masu sha'awar tsintar tsofaffin wuƙaƙe a wajen 'yan gwangwan ko cikin tarkacen gida, su kankare tsatsa, su sake ƙota, su wasa, ba don neman kuɗi ba. Mutane da dama na ɗaukar abin baƙuwar ɗabi'a ce da aka kwaso daga bidiyon intanet. Tarihin ƙira a Kano bai goyi bayan wannan zato ba. A ƙasar Hausa ba a taɓa ɗaukar wuƙa ko takobi abin da ake ƙerawa sau ɗaya a gama ba. Ruwan shi ne dukiyar, ƙota da kube kuwa tamkar riga ce, in ta tsufa a ɗinka wata. Saboda haka mai gyaran tsohuwar wuƙa yau tsohuwar hanya ya bi, ko da bai san masu ita ba.

Dalilin farko tsadar ƙarfe ne. Binciken tono ƙasa ya nuna ana narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma aikin ba na rago ba ne: a haƙo tama, a ƙona gawayin ƙirya, a gina rahoniya, a kwana ana zuga kafin a samu curin da za a kai maƙera. Wanda ya san wannan wahala ba ya yar da ƙarfe. Fartanyar da ta cinye takan koma wuta ta fito wuƙa ko basilla. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takubba kimanin 50,000 ake shigowa da su birnin duk shekara, kuma kusan duk waɗanda ya gani daga Solingen ta ƙasar Jamus suke. Tsirara suke ƙetaro Sahara, a Kano ake haɗa su. Maƙeran baƙi su daidaita ƙarfen, maƙeran fari su yi adon tagulla ko azurfa, dukawa su ɗinka kube da jar fata, sannan Abzinawa da Fulani da Nufawa da Barebari su saya. Fata tana bushewa ta tsage, itace yana dagargajewa, amma ruwan da aka kula da shi yakan wuce ɗa ya kai jika. Ke nan takobi ɗaya kan koma hannun masu sana'a sau da yawa a rayuwarsa.

Zuwan Turawa ne ya karya wannan lissafi. Ingila ta ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, ƙarfen waje da tarkacensa suka yi arha har narka tama ta mutu. Maƙera ba su mutu da ita ba, sai suka koma kan ƙarafan jirgi da sifirin ɗin mota, wanda har yau mahauta ke yabon kaifin wuƙarsa. A 1913 Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield, daga baya wuƙaƙen kamfani masu ƙotar roba suka cika kasuwa, in ta dakushe a sayi wata. Duk da haka al'adar ba ta ɓace ba. Ranar jajiberin Babbar Sallah maƙera da masu wasa ba sa samun sukuni, domin kowane magidanci ya zaro wuƙar layya da ta shekara a saƙe, kuma addini ya hori mai yanka ya kaifafa wuƙarsa don kada dabba ta wahala.

Masu adana kayan tarihi suna da ƙorafi, kuma ba na banza ba ne. Sun ce gogewa tana share shaida. A jikin tsofaffin takubba akwai hatimin kerkeci mai gudu ko jinjirin wata mai fuska, wasu na Turai, wasu maƙeran gida ne suka kwaikwaya, kuma da su ake gane asalin ruwa. Minti kaɗan a kan injin wasa ya isa ya shafe su. Injin kuma yana zafafa baki har ya yi shuɗi, tauri ya tafi, wuƙar ta daina riƙe kaifi. Sai dai wannan hujja ce a kan mugun gyara, ba ta hana gyara ba. Jar tsatsa mai ɓarɓashi ba ta tsayawa, tana ci har ta huda ƙarfe, don haka barin ta ba adanawa ba ne. Baƙin da ya kwanta lif a jikin tsohon ƙarfe kuwa kariya ne, shi ake bari. Takobin gidan sarauta a cire masa jar tsatsa da mai da tsumma, a tsaya nan. Wuƙar aiki a kai ta dutsen wasa da ruwa, a hankali, a sa mata sabuwar ƙota ba tare da jin an ci amanar kowa ba.

Wasu kuma cewa suke ɓata lokaci ne, tunda sabuwa ba ta kai kuɗin gyaran ba. A lissafin aljihu sau da yawa gaskiyarsu ne. Amma abin da gyaran yake rayawa ya wuce wuƙar: sanin launin da ƙarfe zai kai kafin a tsoma shi, da yadda ake ɗaure ƙota ba ta girgiɗi, da yadda ake jiƙa fata a ɗinka ta a jikin ruwan wuƙa. Irin wannan sani a hannu yake zaune, kuma hannun da ba a kawo wa aiki mantuwa yake yi. Don haka mai wannan sha'awa zai fi amfanar kansa da sana'ar in ya wanke tsatsar a gida, sauran aikin ya kai wa maƙeri da baduku, ya biya su, ya zauna ya kalla.