Wa Ke da Shi, Yaushe Zai Ƙare? Nazari kan Rayuwar Bayanan Shafi a Manhajojin Waya

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda manhajojin waya ke riƙe bayanan da ke kan shafi, da yadda shafuka da yawa ke tarayya a kan bayani ɗaya. Hujjarta ita ce, aikin da mai waya ya sa a gaba shi ya kamata ya yanke tsawon rayuwar kowane bayani, shi ne kuma zai nuna wanda ya cancanci ya riƙe shi.

Gabatarwa

Mutum ya buɗe manhajar banki zai tura kuɗi. Ya rubuta lambar asusu da adadin kuɗin, sai ya leƙa akwatin saƙo don kwafo lambar sirrin da aka aiko masa. Da ya dawo, ya tarar da fom ɗin wayam. Abin da ya salwanta shi masana ke kira yanayin shafi, wato rubutun da aka shigar, da zaɓin da aka yi, da inda aka tsaya a jeri, da abin da aka sauko da shi daga intanet. Mai waya zai ɗora laifin a kan sabis, alhali tun wajen gina manhajar aka yi kuskuren, domin ba a tantance inda bayanin zai zauna ba.

Mutuwa Iri Uku

A tsarin Android, shafi yana mutuwa ta hanya uku. Ta farko, idan aka juya waya a kwance, ko aka sauya harshe, ko aka koma launin duhu, tsarin yakan rushe shafin ya sake gina shi nan take. Ta biyu, idan ƙwaƙwalwar RAM ta yi ƙaranci, tsarin yakan kashe manhajar da ke bayan fage ba tare da sallama ba. Ta uku ita ce mai waya da kansa ya rufe shafin. A biyun farko yana sa ran ya tarar da kayansa yadda ya bar su, a ta uku kuwa so yake a share. Saboda haka ma'aji ɗaya ba zai biya buƙatun duka ba.

A shekarar 2017 kamfanin Google ya fito da ViewModel, wani ma'aji da ke tsira daga mutuwar farko, amma yana zaune ne a cikin RAM, don haka ta biyu tana tafiya da shi. Akwai kuma ƙaramin ƙunshi da tsarin ke riƙe wa manhaja amana, wanda a yau ake kaiwa gare shi ta SavedStateHandle. Wannan yana tsallake mutuwa ta biyu, sai dai ƙofarsa ƙunci gare ta: hanyar da ake aika shi ba ta wuce megabait 1 ba, kuma tun Android 7.0 na 2016, manhajar da ta cika masa kaya faɗuwa take yi. Abin da ake so ya daɗe kuwa, sai an rubuta shi a ma'ajiyar wayar ta dindindin. Hausawa na cewa gida biyu maganin gobara, amma a nan gida na biyun, wato ƙunshin nan, ɗan ƙarami ne. Lambar shaidar kaya da ɗan rubutun da aka shigar kawai zai ɗauka, sauran a sake ɗebo su.

Wannan batu ya fi shafar masu ƙananan wayoyi. A 2017 ne aka ƙaddamar da Android Go domin wayoyin da RAM ɗinsu bai wuce gigabait 1 ba, kuma irin waɗannan wayoyi, kamar wasu samfuran itel, sun cika kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano. Mai gina manhaja da ke gwaji da babbar waya zai iya shekara bai ga mutuwa ta biyu ba, alhali mai ƙaramar waya kullum yana gamuwa da ita.

Tarayya da Mallaka

Lamarin yana ƙara sarƙewa idan shafuka suka yi tarayya a kan bayani. A manhajar ciniki, shafin kwando da na adireshi da na biyan kuɗi duk aiki ɗaya suke yi wa hidima. Idan kowanne ya riƙe nasa kwafin, wata rana sai farashin kwando ya saɓa wa na wurin biya. Mafita ita ce a ɗaga bayanin zuwa mataki mafi kusa da ya tattaro shafukan uku, a tsaya nan. Mai riƙe da shi ɗaya ne, shafuka suna karantawa, in suna son canji su aika masa da buƙata. A kan wannan ƙa'ida aka gina Jetpack Compose, kayan aikin gina shafuka na Android wanda ya fito a 2021, kuma Android ya ba da damar ɗaura ViewModel a kan rukunin shafuka, ta yadda zai ƙare da zarar an fita daga rukunin.

Tarihin SwiftUI, kayan aikin gina shafuka na kamfanin Apple, hujja ce mai ƙarfi. Da ya fito a 2019, shafi yana iya sa ido kan wani ma'aji ta hanyar ObservedObject, amma hakan bai mai da shi mamallaki ba. Idan shafin ne ya ƙirƙiri ma'ajin, duk lokacin da aka sake gina shafin sai a samu sabo fil, bayanai su ɓace. Sai a 2020, tare da iOS 14, aka ƙaro StateObject domin a fayyace wanda ya mallaka. Giɓin da aka cike na mallaka ne.

Ra'ayin Masu Rumbu Ɗaya

Akwai masu ganin cewa a tara komai a rumbu ɗaya da zai rayu muddin manhaja na raye, bisa tafarkin Flux na Facebook na 2014 da Redux na 2015. Suna da gaskiya a wani ɓangare: tushe ɗaya yana hana saɓani, yana kuma sauƙaƙa bin diddigin kuskure. Bayanai irin su wanda ya shiga asusu da harshen da ya zaɓa, can ne ma gidansu. Matsalar ita ce abin da aka zuba a rumbun ba ya ƙarewa da kansa, sai an tuna an share shi. Ranar da aka manta, tsohon adireshi zai bayyana a sabon ciniki, ko kuma a wayar da iyali ke amfani da ita tare, wani ya ga abin da ɗan'uwansa ya rubuta bayan ya fita daga asusunsa. Bayanin da ya zarce wa'adinsa aibi ne kamar wanda ya mutu da wuri, ya ma fi haɗari, domin ba a saurin ganin sa. Rumbun kuma a RAM yake, bai kuɓuta daga mutuwa ta biyu ba.

Kammalawa

Kafin a zaɓi kayan aiki, kowane bayani yana buƙatar amsar tambaya biyu: wane aiki na mai waya yake yi wa hidima, kuma yaushe aikin zai ƙare? Amsar ce za ta nuna mamallaki da ma'aji. Gwajin kuwa ba shi da tsada: a cike fom rabi a ƙaramar waya, a tura manhajar bayan fage, a kashe ta da gangan, a dawo a ga abin da ya saura. Sannan a kammala cinikin, a fara sabo, a duba ko na jiya ya biyo shi.