Tarihin Iyakar da Ke Kan Takardar Gwajinku

Idan takardar gwajinku ta nuna TSH ya kai 5 ko 6, alhali iyakar da aka rubuta a gefe ba ta wuce 4.5 ba, ku sani cewa mutane ne suka shata wannan iyaka, kuma sun sha jayayya a kanta.

A da, sai abin da ido ya gani likita ke kira cutar tayirod, wato tsokar nan ta gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo. Matar da George Murray ya yi wa magani da ruwan tayirod na tunkiya a Ingila a 1891 jikinta ya kumbura, maganarta ta yi nauyi, ba mai shakkar ciwonta. Ta ƙara shekara 28 a duniya.

A 1965 aka fara auna TSH a jini. Sinadari ne da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana zaburar da tayirod. In ta yi sanyin jiki sai ya ƙaru, kamar mahayin da ke ƙara wa doki ƙaimi. Da gwajin ya yaɗu, sai ga jama'a birjik masu TSH sama kaɗan, sinadarin T4 nasu daidai, yawancinsu ba sa jin komai. Majiyyata ne ko lafiyayyu?

Garin Whickham na Ingila ya ba da amsa ta farko. An gwada mutum 2,779 a shekarun 1970, aka sake bibiyarsu bayan shekara 20. Cikin matan da TSH ɗinsu ya hau kuma garkuwar jikinsu ke yaƙar tayirod, kimanin 4 cikin 100 ke kamuwa da cikakkiyar cutar kowace shekara. Haɗari ne na gaskiya, amma mai tafiyar hawainiya.

Duk da haka, wajen 2003 wasu ƙwararru a Amurka suka nemi a sauke iyakar zuwa 3, abin da zai mayar da miliyoyi majiyyata dare ɗaya. A ganina garaje ne, kuma ba kowa ya bi su ba. A 2017 binciken TRUST ya raba tsofaffi 737 gida biyu, wasu na shan levothyroxine, wasu ƙwayar da ba magani a cikinta. Gajiyarsu ba ta bambanta ba. Kafin ma a fara, kusan 6 cikin 10 na waɗanda aka sake aunawa TSH ɗinsu ya koma daidai da kansa.

Shi ya sa likitanku zai ce ku dawo bayan wata biyu ko uku a maimaita gwajin, a haɗa da T4. Ba sakaci ba ne. Galibi sai TSH ya haura 10 ake fara magani kai tsaye. Mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, ita kam kada ta jira watannin nan. Ta koma wurin likita cikin makon da ta karɓi takardar.