Silimar siyasa da talakawa: darasin Bolibiya

An jima ana muhawara a kan finafinan siyasa masu zurfin fasaha: shin suna isa ga talakawan da ake yi dominsu, ko kuwa masu ilimin boko na birni ne kaɗai ke morarsu? Tarihin Jorge Sanjinés da ƙungiyarsa ta Ukamau, a ƙasar Bolibiya, ya ba da amsa mai kama hankali.

A shekara ta 1969 ne ƙungiyar ta fito da fim ɗin Yawar Mallku, wanda mafi yawan zancensa da harshen Kechuwa ne. Labari ne na wasu Amurkawa masu aikin agaji da ke yi wa matan ƙauye aikin hana haihuwa ba da saninsu ba. Hukuma ta so hana nuna shi, mutanen La Paz suka fito zanga-zanga, ala tilas ta janye. Cece-kucen da ya biyo baya yana cikin dalilan da suka sa aka kori ƙungiyar Peace Corps daga ƙasar a shekara ta 1971.

Amma da aka kai fim ɗin karkara, sai aka ga wani abu dabam. An gina labarin ne bisa salon Turai, ana tsallake daga yau zuwa jiya, a sake dawowa, kuma an rataya komai a wuyan mutum guda. Manoma sun san zaluncin da ake nunawa fiye da masu fim ɗin, sai dai zaren labarin ya riƙa kuɓuce musu. Dabarar da aka yi ita ce a sa wani ya fara ba da labarin da baki kafin a kunna na'ura, kamar yadda mai tatsuniya ke yi.

Sanjinés bai ɗora laifin a kan ƴan kallo ba, salonsa ya sake. A fim ɗin El coraje del pueblo na 1971, a kan kisan da sojoji suka yi a mahaƙar Siglo XX cikin watan Yuni na 1967, waɗanda suka tsira ne suka maimaita abin da ya same su, har da Domitila Barrios de Chungara. Bayan juyin mulkin Hugo Banzer ya yi gudun hijira, ya ɗauki El enemigo principal a Peru, inda dattijo Saturnino Huillca, jagoran manoma, yake faɗin abin da zai auku tun bai auku ba, don hankalin mai kallo ya koma kan musabbabi. Aka rage nuna fuskar mutum ɗaya, aka yawaita nuna taro cikin dogon ɗauka.

Ashe ba nauyin siyasa ne ya raba fim da talaka ba, hanyar ba da labari ce. Wanda ya zo gari da magana, sai ya koyi yadda mutanen garin ke saurare.